Layin Aro a Ƙofar A-Hsiang

A unguwar Sanchong, hayin kogi daga Taipei, masana abinci ba su da wuyar samu, amma wanda ya fi kowa tabbacin cewa shi masani ne shi ne Liao Tien-fu. Ya ƙare ƙarfinsa yana sayar wa masu babur hular kwano, da ya rufe shago kuma sai ya gano ashe baiwarsa a harshe take. Yakan ce idan ya kurɓi romo sau ɗaya zai faɗi ko saniyar ta taɓa shiga damuwa a rayuwarta. Ba a taɓa samun saniyar da ta ƙaryata shi ba.

Matarsa Bi-hsia ta daɗe tana jin yana yaba citta a miyar da ba ta sa wa citta ba, don haka ba ta cika sa baki ba.

Rigimar ta taso ne daga abin alheri. 'Yarsu Wan-ju za ta auri wani saurayi ɗan Tainan, can kudu. Yaron ba shi da aibu, sai dai yana da uwa. Ranar da Liao da matarsa suka je gaisuwa, kafin rana ta take uwar yaron, Madam Yen, ta zagaya da su wurin romon naman sa, da wurin faten shinkafa da kifi, da wasu wuraren da Liao ya daina ganewa saboda ƙoshi.

"Ku ci, ku ci," in ji ta. "Na san ku a arewa kuna cin abinci ne don kada ku mutu. Shi ya sa walimar biki a nan za a yi ta. Ba zan ɗora dangina a jirgin ƙasa su je shan ruwan zafi da gishiri ba."

Liao ya ji kamar an zare masa kujera. Tun Wan-ju tana makarantar firamare yake ganin walimar nan a ransa: jar rumfa ta tare lungunsu daga baki zuwa baki, manyan tukwane na tafasa a gefen titi, shi kuma cikin kwat yana bin tebur tebur ana miƙe masa. Ya riga ya faɗa wa maƙwabta inda kowa zai zauna.

"Surukata," ya ce, yana goge baki a hankali, "da alama ba ki taɓa cin abincin arewa na ainihi ba. Akwai wani wuri a bayan gidana. Ba allo, ba talla. Layi har kwana. Daga Japan mutane suke zuwa su yi kuka a kan kwano."

"Kukan me?"

"Na daɗi."

"To."

"Ni kuwa ba na bin layi. Mai wurin da kanta take fitowa ta shigar da ni."

Bi-hsia ta ɗago kai ta dube shi, ta mayar da kanta kan kwano.

"Ran Asabar ina tafe," in ji Madam Yen. "Idan na ci abincin arewa na ce da daɗi da bakina, ka kafa rumfarka. Idan ban ce ba, ka nemi tikitin jirgi."

A hanyar komawa gida, sai da jirgi ya wuce Taichung sannan Bi-hsia ta yi magana.

"Baban Wan-ju, wane wuri ne wannan a bayan gidanmu? Na ɗan daɗe a unguwar, ban ci karo da shi ba."

"Ke dai zuba ido."

"Su 'yan Japan ɗin ta bayan gida suke shiga?"

Washegari ya fara zagaya wuraren da suke da layi na gaske. A wuri na farko ya tambayi mai tukunya ko ya gane shi, mai tukunya ya nuna masa ƙarshen layi da ludayi. A na biyu aka ce, "Baffa, matsa gefe, kana tare mana iska." Da yamma ta yi ya tabbatar da abin da matarsa ta sani tun a jirgi: a duk faɗin Sanchong wuri ɗaya ne yake shiga ba layi, shagon A-Hsiang, shi ma don babu kowa a ciki.

A-Hsiang bazawara ce mai ƙarancin magana. Shagonta a ƙarƙashin barandar wani tsohon bene yake, da 'yan tebura na ƙarfe, kujerun roba, da fanka ɗaya mai juya kai kamar tana ƙin wani abu. Taliya da romon naman sa take sayarwa, da soyayyar awara mai wari da kabeji mai tsami. Tukunya ɗaya take ɗorawa a yini, ta ƙare ta rufe. A gefe akwai ƙatuwar butar ƙarfe ta shayin kabewa mai sanyi, baƙi mai zaƙi, kyauta ga duk wanda ya ci. Liao bai taɓa kallon butar ba, wai zaƙi yana dakushe harshe. Romon kuwa bai taɓa kwantar da kowa ba, bai kuma taɓa tayar da kowa daga jinya ba.

Liao ya zauna ƙarƙashin fankar ya yi tunani, abin da ba kullum yake ƙarewa lafiya ba. Abinci dai ga shi. Layi ne babu. Layi kuwa ba komai ba ne illa mutane a tsaye, shi kuma yana da maƙwabta.

Da sassafe ya same su a lambun unguwa. Gwaggo Pan tana gaban matan da suke rawa da mafitai, mai unguwa Chiu yana duba ko an taka ciyawa, Baffa Shih kuma yana kan benci da kunnensa mai jin abin da ya ga dama.

"Aikin ba wuya," in ji Liao. "Ku jeru a ƙofar A-Hsiang. Ku yi fuskar yunwa. Ku yi kamar ba ku san ni ba. Idan na zo da baƙuwa na wuce ku, ku riƙa tambayar juna, wane ne wannan babban mutum?"

"Idan layi ya zo kanmu fa?" in ji Gwaggo Pan. "Ni ban taɓa cin abincin matar nan ba, ba kuma yanzu zan fara ba."

"Ba wanda zai saya. Tukunya ɗaya ce, kada ku cinye wa baƙuwa. Duk wanda ya kai gaba ya zagayo baya."

"Me za mu samu?"

"Teburin gaba a walima. Kusa da amarya."

"Dukanmu?" in ji mai unguwa, wanda kamar sauran maƙwabta A-Fu yake kiran Liao. "A-Fu, teburin gaba guda nawa ne?"

"Wannan matsalata ce. Asabar, dab da faɗuwar rana."

Matan suka dubi juna ta saman mafitai.

"Asabar, A-Fu? Dab da faɗuwar rana?"

"Akwai wadda aka gayyata fadar shugaban ƙasa ne?"

"A'a, sai dai..."

"To shi ke nan."

A gida ma Bi-hsia ta fara, "Asabar da yamma ai..." ya ɗaga mata hannu, ta ci gaba da gyaran wake.

Ba don zargi ba, amma ya kamata a faɗa: tun da aka ɗaura masa aure Liao Tien-fu bai taɓa fitar da shara ba. Yana jin kiɗan motar shara kullum da yamma kamar yadda ake jin kukan tsuntsu, bai taɓa tambayar me take so ba. Sauran mutane sun san motar ba ta jiran kowa, kowa da hannunsa yake jefa ledarsa, kuma ran Lahadi ba ta zuwa. Wanda ya rasa ta ran Asabar a tsakiyar zafi, shi da kawunan kifinsa sai Litinin.

A-Hsiang kuwa abu biyu kawai ya roƙe ta: ta ajiye masa teburin ƙarƙashin fanka, kuma ta kira shi Shugaba Liao.

"Shugaban me?"

"Ke dai ki faɗa."

"Tebur kuwa wa zai ɗauke maka? Duk ga su nan."

Ran Asabar maƙwabta suka cika alkawari. Liao ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyara tsayuwa, ya ce wa Baffa Shih ya rage murmushi. Ya ga kowa ya cusa wata leda mai ruwan hoda a bayan baburan da ke jere a gefen titi, ya ɗauka cefane ne. Ya gyara ɗamarar wuyansa, ya ja Bi-hsia suka tafi tasha ɗauko baƙuwa. Wan-ju da saurayinta duk sun ce suna da aiki, ba su faɗi sunan aikin ba.

Abin da Liao ya manta shi ne a ƙasar da aka haife shi yake. Mutumin ƙasar nan zai wuce gobara bai waiwaya ba, amma ba zai wuce layi ba. Wata mata da ta fito sayen sabulu ta ga tsofaffi a jere, ta ce tsofaffi ba sa tsayuwa a banza, ta bi baya. Ɗalibai suka bi bayanta. Wani mai kai saƙo ya faka babur, ko hular kwano bai cire ba. Wata budurwa ta ɗaga waya ta fara yi wa duniya bayani.

Da tasi ta sauke su, layi ya wuce kwana, ya wuce shagon wanki, yana neman ƙofar ɗakin bauta.

"Kin gani, surukata?" in ji Liao, ƙirjinsa a gaba. "Yau ma da sauƙi."

Madam Yen ta rufe laimarta ta dubi layin daga kai zuwa wutsiya. "Ba laifi."

Bi-hsia ta matso kusa da kunnensa. "Baban Wan-ju, yaushe muka yi sababbin maƙwabta haka?"

Sai a lokacin ya lura fuskokin da bai sani ba sun ninka waɗanda ya sani. Amma jirgi ya riga ya tashi. Ya sa Madam Yen a gaba, ya bi gefen layi yana ɗaga hannu kamar ɗan takara.

"Kai, wane ne wannan babban mutum?" in ji Gwaggo Pan, da muryar mai karanta sanarwa.

"Wane ne kuwa?" in ji mai unguwa.

"A-Fu ne mana!" Baffa Shih ya daka tsawa. "Kun makance ne? Ga shi nan da kwat ɗin da ya sa a jana'izar ƙanina!"

Liao ya yi dariya. "Tsufa ke nan. Kowa gani yake ya san ni."

Ya kusa bakin shago sai mai hular kwano ya miƙa hannu ya tare hanya.

"Baffa, daga can layi ya fara."

"Yaro, ka san da wa kake magana?"

"Da wanda zai koma baya."

"Ni na sayar wa ubanka irin hular da ke kanka."

"To na gode. Baya."

Liao ya leƙa ta saman kafaɗarsa. Shagon da bai taɓa ganin mutum uku a lokaci guda ba ya cika maƙil. A teburin ƙarƙashin fanka wasu ɗalibai ne suke ɗaukar kwanonsu hoto. A-Hsiang tana tsakanin tukunya da kaskon suya, gashinta ya manne a goshi, idonta irin na wanda ruwa ya ci gidansa.

"A-Hsiang! Ni ne!"

"Na gan ka."

"Ba ki ce komai ba."

"Shugaba Liao, bi layi."

Wasu suka yi dariya. Budurwa mai waya ta juyo da ita wajensa.

"Wasa take yi," ya ce wa Madam Yen. "Haka muke da ita."

"Mu bi layin," in ji Madam Yen. "Mu a Tainan ba ma jin kunyar tsayawa abinci."

Suka koma ƙofar ɗakin bauta. Ba su daɗe ba sai ga Gwaggo Pan ta zagayo bayansu, kamar yadda aka umarce ta, sai ga wasu matan rawa biyu. Matar sabulu ta juyo baki buɗe.

"Ba ku ne a gaba ɗazu ba? Har kun ci kun dawo?"

Gwaggo Pan ta dubi Liao, Liao ya dubi sama.

"Mun dawo," ta ce.

Kafin a ce me, magana ta bi layi: abincin nan, tsofaffi suna ci suna sake bin layi. Budurwa mai waya ta sanar wa duniya. Wasu baburan suka ƙara tsayawa.

Madam Yen ta juya ga Gwaggo Pan. "Yaya, tunda ke 'yar gida ce, me ya fi daɗi a nan?"

"Kifin," in ji Gwaggo Pan ba tare da jinkiri ba.

"Ba a sayar da kifi," Liao ya ce ta tsakanin haƙora.

"Shi ya sa ba ya isar kowa."

Madam Yen ta taɓa kafaɗar wani magidanci da ke gabanta. "Kai fa, me ka zo ci?"

"Ban sani ba tukuna. Me ake sayarwa?"

"Kin ga," in ji Liao, "har sirri ne."

 Daga inda yake yana jin ƙarar ludayi, kuma kowane mai harshe ya san bambancin ludayin da ke nitso da wanda ya fara gaisawa da gindin tukunya. Ya ce zai je ya duba wani abu, ya lallaɓa wajen mai unguwa, wanda saura kaɗan ya kai gaba.

"An canza tsari. Kada ka zagayo. Ka sayi kwano uku, ka kama tebur, ka zauna a kai ko da za a kashe ka."

"Ɗazu ka ce kada a saya."

"Ɗazu daban."

"A-Fu, ni hukuma ce. Kama wa wani tebur..."

"Kai za ka yi jawabi a walima."

"Da lasifika?"

"Da lasifika."

Mai unguwa ya gyara tsayuwa. Na gabansa ya karɓi kwano ya kauce. A-Hsiang ta ɗago ta ce, "Me za a ba ka?" Mai unguwa ya buɗe baki.

Daga can ƙarshen titi, siririn kiɗa ya taso.

Liao ya ga abin da bai taɓa gani ba: tsofaffin da suka yi shekaru suna kukan gwiwa sun tashi a guje. Matan rawa suka watse kamar an jefa dutse cikin tattabaru, kowace ta fizgo leda mai ruwan hoda daga bayan babur. Mai unguwa ya rufe bakinsa, ya zaro usur daga aljihu, ya bi su yana ihun a ware kwalabe daban.

"Ina za ku? Ku dawo! Chiu! Lasifika!"

"Gobe Lahadi!" mai unguwa ya amsa bai waiwayo ba.

Gwaggo Pan ta tsaya a tsakiyar titi, leda a kowane hannu, ta ɗaga murya yadda har ɗakin bauta aka ji.

"A-Fu! Idan mun zubar mu dawo mu ci gaba da jin yunwar, ko wasan ya ƙare?"

"Teburin gaba dai yana nan ko?" in ji Baffa Shih, yana wucewa da bokitin ɓawon kankana. "Mun tsaya maka, kada ka ce ba mu tsaya ba!"

Liao ya juya neman matarsa ta rufa masa asiri, sai ya hango bayanta. Ita ma ta zaro tata ledar, wadda ta ba Gwaggo Pan ajiya tun da rana. Daga cikin shago aka ji ludayi ya faɗi. A-Hsiang ta fito da bokitin ragowar abinci na yini guda, ta ce, "Kowa ya jira!" ta bi sahu.

Aka bar baƙi tsaye da giɓi a tsakaninsu kamar bakin tsoho. Madam Yen ta tako a hankali har gaba, ta dubi Liao.

"Suruki, 'yan Japan ɗin ne suka gudu?"

Mutum mai matsakaicin hankali a nan zai nemi gafara. Liao Tien-fu ya cire kwat, ya naɗe hannun riga, ya shiga bayan tukunya.

"Zauna, surukata. Ai ni na koya mata. Yau za ki ci daga hannun malaminta."

Ɗalibai sun tashi kallon gudu, sai ta zauna ƙarƙashin fanka. Liao ya fara da awara. Ya ɗebo ta da ruwanta ya watsa cikin mai, mai ya amsa masa da ƙarfi, ya yi tsalle baya ya ture gwangwanin tsinkayen cin abinci, suka bazu har titi. Da ya sunkuya tsinta, ɗamarar wuyansa ta shiga kwanon yaji ta fito da sabon launi. Warin awara ya gauraya da na ƙuna, har na ƙarshen layi suka ce lallai wurin nan na gaske ne.

Ya leƙa tukunya. Abin da ya rage a ciki ba zai jiƙa taliyar kwano ɗaya ba. Sai idonsa ya faɗa kan ƙatuwar butar ƙarfe. Ya buɗe: ruwa baƙi, mai duhun romo.

"Duk mai girkin ƙwarai," ya sanar wa jama'a, "yana da romon ajiya."

"Baffa," in ji mai hular kwano, "wannan ai..."

"Ci ka zo yi ko koyarwa?"

Ya tuttula butar gaba ɗaya, ya ƙara wuta. Da ta tafasa wani ƙamshi ya taso wanda bai yi kama da na saniya ba, mai damuwa ko marar damuwa. Hancin Liao ya gaya masa gaskiya, amma taliya ta riga ta shiga kwano, kwano kuma ya riga ya isa gaban Madam Yen.

Kiɗan mota ya yi nisa. Maƙwabta suka dawo hannu sake, suna haki, suka yi da'ira a bakin shago. A-Hsiang ta kutso ta ɗaga butarta ta ji ba nauyi, ta dubi tukunya, ta dubi Liao. Bi-hsia ta tsaya kusa da mijinta tana goge hannu.

Madam Yen ta buɗe jaka ta fito da tsinkayenta da cokalinta, don ba ta yarda da na arewa ba. Ta ɗebi romo ta shinshina. Ta kurɓa. Fanka ta juya kai ta dawo. Ta sake kurɓa, ta ɗauki taliya, ta tauna kamar alƙali.

"Da daɗi," ta ce.

Mai unguwa ya hura usur. Matan rawa suka yi tafi. Liao ya lumshe ido. Ga jar rumfa nan a idonsa, daga bakin lungu zuwa bakin lungu.

"Abu ɗaya nake so in sani," in ji Madam Yen. "Wannan zaƙin da yake zuwa a ƙarshen harshe. Mutanen arewa ba su san shi ba. Daga ina?"

"Shayina ne ya..." A-Hsiang ta fara.

"Daga ni," in ji Liao, ya sha gabanta. Ya ga waya tana kallonsa, ya ƙara tsayi. "Sirri ne. Ina soja na koyo shi, a wurin wani tsohon mai girki. Shekara da shekaru yana neman wanda zai ba wa. Ya ɗanɗana hannuna sau ɗaya, ya fashe da kuka."

"Shi ma ɗan Japan ne?"

"Ɗan Tainan! A tsakiyar Tainan, bayan tsohuwar kasuwa!"

"Ashe girkin Tainan ne."

"Tsantsa! Ba gauraye!"

Madam Yen ta goge tsinkayenta ta mayar cikin jaka.

"To, suruki, ni abincin arewa na ce zan yaba. Na zo, na bi layi, na ci na gidanmu. Ka nemi tikiti."



Bi-hsia ta jawo hannun rigarsa ta yi ƙasa da murya. "Baban Wan-ju, a tsibirin Kinmen ka yi soja, ba a Tainan ba, a ɗakin ajiye barguna. Ka ce shayin mutane ka zuba bisa kuskure. Kuskuren a arewa aka yi shi, ta kuma ce da daɗi. Kalma biyu, rumfarka ta tsaya."

Liao ya san gaskiya ta faɗa. Ya dubi lungun da ya auna da ido tun Wan-ju tana ƙarama. Ya dubi maƙwabta, ya dubi mai hular kwano, ya dubi wayar da har yanzu take ɗage. Ya buɗe baki, kowa ya matso.

"Tsohon nan," ya ce, "ya ce in riƙe masa amana."

Bi-hsia ta saki hannun rigar. "Sai ka nema mana kujerar jirgi kusa da taga."

Madam Yen ta miƙe ta ɗauki laimarta, ta dubi da'irar tsofaffi masu haki.

"Ku ma duk ku zo. Mutanen da za su tsaya wa maƙwabcinsu da shara a ɓoye sun cancanci su ci abinci ko sau ɗaya ne a rayuwarsu."

"Teburin gaba?" in ji Baffa Shih, wanda kunnensa ya warke nan take.

"Teburin gaba."

A Tainan aka yi walimar, kuma an ce ba laifi. Mai unguwa ya yi jawabi da lasifika har sai da aka zare waya. Gwaggo Pan ta samu kifinta.

A-Hsiang yanzu tukunya uku take ɗorawa, butar shayi kuma ta koma bayan labule. Layinta yakan kai ƙofar ɗakin bauta, kuma babu ɗan aro ko ɗaya a ciki. Kwanan baya da yamma an ga Liao Tien-fu a can ƙarshe, leda mai ruwan hoda a hannunsa, don Bi-hsia ta ce tunda ya san lokacin motar yanzu, ilimi bai kamata ya zauna a banza ba. Ya taɓa kafaɗar saurayin da ke gabansa.

"Yaro, ka ga layin nan? Ni na kafa shi."

Saurayin ya dube shi, ya dubi ledar.

"Sannu da aiki, Baffa. To ka tsaya a cikinsa daidai, kana fita gefe."